Sunan da Bakinmu Ba Ya Kamawa

Nyanya, Abuja,
2 ga Fabrairu, 1992.

Ba su kore ta ba, Muhyiddeen! Jikata Mashkura tana nan a kan kujerarta, kuma ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce aka buga hatimi a takardarta, aka ce aikin ya zama nata na dindindin. Na ga hatimin da idona, har na taɓa shi tun tawadar ba ta bushe ba.

Ka yi haƙuri, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Fiddausi da yara da duk mutanenmu na Agege. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya sa albarka a cinikin goro. Mu nan sai godiya. Maiɗakina Batulu tana fama da idonta na hagu, amma hakan bai hana ta ganin laifina ba. Uban Mashkura yana nan yadda ka sani. Tun faɗowar da ya yi daga kan gini shekara biyu ke nan, bayansa bai bar shi ya ɗauki ko bokitin ruwa ba. Yana wuni a ƙofar ɗaki yana gyara wa maƙwabta rediyo, wani ya biya, wani ya ce Allah ya saka. Wannan wasiƙar da hannuna nake rubuta ta. In ka ga layi ya karkace, ka tuna ina da shekara sittin da biyar na fara riƙe fensir a ajin yamma, har yau Mashkura ba ta kirana da komai sai Ɗan Makaranta.

Na daɗe ban rubuto maka ba, domin wata shida muka yi cikin wani hali da ban san yadda zan faɗa ba. Yanzu da ya wuce, bari in kwashe maka shi daga farko.

Ka san ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar tashar Nyanya, wadda muke ajiya a cikinta, mai bukata ya karɓi rance ya ƙara jari. Ma'aikatanta biyu ne kacal: Obadiah, ma'aji, da Mashkura, akawu. Lokacin da ta gama sakandare, shugabanmu Alhaji Musbahu ya ɗauke ta don ya san halin da gidanmu ke ciki. Ya ba ta tebur da biro da tarin katunan mambobi, ya ce bisimilla. Iyakar koyarwar ke nan. Ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata komai, domin shi kansa Alhajin ba wanda ya taɓa nuna masa. Albashinta shi ne tuwon gidanmu da maganin ubanta da kuɗin haya. Ni ɗan teburina na goro da ashana ba ya ɗaukar ko cefanen mako.

To, a jikin kowane kati akwai wani layi da ake kira layin magaji, inda za a rubuta sunan wanda za a nema idan ta Allah ta kasance a kan mai ajiya. Kai ma ka san mutanenmu. Ka tambayi mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ta dubi bango. Mashkura yarinya ce mai kunya, ba za ta matsa wa sa'ar uwarta ba. Abin da aka gaya mata shi take rubutawa. Kati arba'in da uku aka rubuta musu Maigida. Wasu an sa Babba, wasu Yaron Nan, wasu Uban Yara. Nawa katin, da yake ta san ni da ita babu mai iya kama sunan, sai ta rubuta Na Gida. A lokacin har dariya muka yi.

Da damina sai wata baiwar Allah mai sayar da waina ta rasu. Aka ciro katinta, aka ga an rubuta Babba. Babba wane? A wane gari? Maƙwabtanta sun ce tana da ɗa a wajen Funtuwa, ba wanda ya san sunansa na yanka. Kafin a gano shi magana ta kai ofishin da ke kula da ƙungiyoyi irin namu, suka turo mana wani sufeto, Mista Leonard, cikin waɗanda aka fara kwasowa daga Legas. Dogo ne, ba ya jin Hausa sai sannu da na gode. Ya wuni yana juya katuna. Da ya ga Maigida ya yi yawa, sai ya tambaya ko wane ne wannan attajirin da ya auri rabin kasuwa. Obadiah ya fassara, mutane suka fashe da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce wannan ba rajista ba ce, wasa ne da amanar jama'a. Ya ba mu zuwa ƙarshen Janairu: ko a tura ma'aikatan su koyo aikin a gyara komai, ko a sallami akawun a ɗauki mai takardar shaida. Ya ce masu takarda suna nan tafe daga Legas mota-mota, ba za a rasa ba.

Ranar Mashkura ta dawo gida ta ajiye jakarta. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Ubanta yana kallonta, na ga ya ajiye sukundireba ya juya fuska. Ni kuwa, Muhyiddeen, me nake da shi? Ban san kowa a ofis ba. Turancina bai wuce na littafin aji biyu ba. Na je wurin Alhaji Musbahu na durƙusa, da furfurata, ya ɗaga ni ya ce in daina, abin ba a hannunsa kaɗai yake ba, sai kwamiti ya zauna.

Da kwamiti ya zauna ba a bar ni na shiga ba, don ba na cikinsu. A bayan taga na tsaya kamar mai jiran sadaka. Na ji wani yana cewa tura yara kwas asara ce, da sun samo takarda ma'aikatun gwamnati za su ɗauke su. Wani ya ce a sallame ta kawai a huta, ga ɗan ƙanwarsa nan ya gama karatu. Wadda ta cece mu Safara'u ce, mai tuwon bakin tasha, ita ke wakiltar mata a kwamitin. Ta ce su maza su yi abin da suka ga dama, amma ranar da aka zaunar da wani ƙato baƙo a teburin nan yana tambayarta sunan mijinta, ranar ita da matan tasha za su kwashe nasu su koma adashi, su bar wa Alhaji katunansa ya yi fifita da su. Daga nan aka yarda a tura su biyun Kaduna, mako shida.

Makon nan shida ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Kullum in na wuce ofishin sai in leƙa in ga kujerarta a kife a kan tebur. Sau biyu na ga samari da takardu a hannu suna tambayar ko ana ɗaukar ma'aikata. Ba abin da na iya sai addu'a, ita ma wani lokacin in fara in rasa inda na tsaya.

Da suka dawo, tun makon farko aka ga bambanci. Da, in ka je ajiya sai ka yi rabin wuni ana tonon katinka a cikin kwali. Yanzu kowane kati yana da lamba, suna jere a durowa mai makulli, kafin ka gama gaisawa an ciro naka. Mai karɓar rance sai an karanta masa sharuɗɗa da Hausa, an tambaye shi ya maimaita abin da ya fahimta, kafin ya dangwala yatsa. Obadiah, wanda da in ka tambaye shi abu sai ya ce oga ne ya sani, yanzu shi ke gyara wa oga. Har tsayuwar Mashkura ta sake. Tana duban mutum a ido tana magana, cikin ladabi, amma ba ta rawar murya.

Sai dai duk wannan bai taɓa ainihin ciwon ba. Kwas ba ya buɗe bakin mace ta kama sunan ɗanta na fari. Mashkura ta ce ta kai wa wata malamarsu, Madam Elizabeth, wannan kukan. Matar ba ta ba ta dabara ba. Cewa ta yi ta koma ta karanta ƙa'idar cike katin da kyau, ta nuna mata inda aka ce dole sunan ya fito daga baki. Ta karanta sau uku, babu. Abin da aka ce kawai shi ne mai ajiya ne zai nuna magajinsa da kansa, a gaban shaida, a rubuta cikakken suna da inda za a same shi.

Daga nan ta samo hanyarta. Ta je wurin limamin masallacin tasha, ya tsara mata sunayen yanka na maza da na mata, aka buga su a keken rubutu, shafi uku. Sai mace ta zo ta zauna da shaidarta. Mashkura ta riƙa karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, a hankali. In an zo kan sunan, matar ba ta cewa komai, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ko ta sunkuyar da kai. Shaida ta ce ta gani. A rubuta, sannan a tambayi gari da unguwa da sana'a, waɗannan kam ba kunya a cikinsu. Safara'u ce ta fara. Da aka zo kan sunan mijinta ta ja mayafi har ido, sannan ta ce daga ciki a yi sauri a wuce kafin ya ji ya ɗauka kewarsa take yi. Kafin mako biyu mata har layi suke yi, wasu don gyara, wasu don kallo.

Ana cikin haka gwamnati ta taso da kujerarta daga wurinku ta dawo mana nan, ranar sha biyu ga Disamba. Ka ji a rediyo, amma ba ka ga hanyar Nyanya ba. Manyan motoci ɗauke da kabad da katifu da tebura, mutane a sama suna riƙe da fanka. Ɗakin da muke haya mai gidan ya fara zagayawa yana duban rufi, ka san ma'anar wannan, ƙarin kuɗin haya yana tafe. Kowa yana maganar kujerar ƙasa, ni kuwa wata 'yar kujerar katako mai ƙafa ɗaya gajera ita ce ta hana ni sukuni.

Yanzu ga laifina, ba zan ɓoye maka ba. Sau uku Mashkura tana ce mini, Ɗan Makaranta ya zo ofis a gyara katinsa. Sau uku ina cewa gobe. Dalili kuwa, na ji ta tana bitar sunayen nan a gida, na kuma lura duk sanda ta zo kan Sulaiman sai ta yi tsalle ta faɗa Tahir. Akwai suna ɗaya a tsakani, wanda ma'anarsa fitila, kai ka san shi, kai ka yi masa huɗuba ma ina tsakar gida ina ɓuya. Ita ba za ta kama sunan ubanta ba, ni ba zan kama na ɗan farina ba. Na ce a raina, in muka zauna gaba da gaba, ni da ita, wa zai fitar da wani? Sai na yi ta gudu, ina ganin cikin kati fiye da ɗari biyu wa zai kula da na tsoho ɗaya.

Ranar Alhamis Mista Leonard ya dawo. Na rufe teburina na je na zauna a bencin waje, inda nake iya hangen ciki. Ya buɗe durowa, ya zaro kati nan, ya zaro can, yana gyaɗa kai. Sai ya ce a ba shi waɗanda ba a gyara ba. Guda bakwai ne. Shida masu su sun yi tafiya. Ya ɗaga na bakwai ya karanta Na Gida da irin bakinsa, ya tambaya ko mai wannan yana gari. Alhaji Musbahu, Allah ya yafe masa, ya miƙa hannu ta taga ya ce ga shi can zaune. Sufeton ya ce madalla, a shigo da ni, yana so ya ga yadda ake wannan karatun sunayen da ake ba shi labari, don shi bai yarda shiru yana zama amsa ba.

Na tashi na shiga. Na zauna a gabanta, tebur a tsakaninmu, mutane sun cika ƙofa da taga. Hanya biyu kawai nake gani. Ko ta kira sunan ubanta gatsau a gaban kasuwa, a yi ta faɗa har ta tsufa, ko ta tsallake shi a kai ƙarshen takarda ban sunkuya ba, mutumin ya ce dabarar ƙarya ce. Ni na jawo mata, kuma ba ni da abin da zan yi. Ko kallonta na kasa.

Sai na ji ƙarar kujera. Na ɗaga kai na ga ta rufe bironta, ta miƙe, ta tura kujerar baya ta koma gefe. Wallahi, Muhyiddeen, na ɗauka ta haƙura da aikin ne. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa ubanta.

Ashe magana za ta yi. Ta faɗa da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa don mu ji. Ta ce mai wannan kati kakanta ne, wanda za a rubuta kuma mahaifinta ne, kuma an koya musu cewa ma'aikaci ba ya cike takardar ɗan'uwansa na jini, ba ya sa hannu a kanta, sai ya miƙa wa abokin aikinsa. Don haka ta bar wa Obadiah kujerar, ita za ta tsaya a waje har a gama. Ta fita. Mista Leonard ya bi ta da kallo, ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta wani abu. Alhaji Musbahu kuwa, wanda shekara tara yana sa wa ƙannensa hannu a takardun rance, tari ya kama shi har sai da aka ba shi ruwa.

Obadiah ya zauna ya ɗauki takardar. Ka san Hausarsa, ba ya bambanta mace da namiji. Ya ce Baba ta kwantar da hankali, shi zai tafi da ita a hankali. Safara'u ta tsaya shaida. Ya fara daga Abubakar. Ina ji yana tafe, Bashir, Garba, Haruna, kamar ana kusanto ni da wani abu da na daɗe ina kewaye wa. Ya zo Sani, ya zo Shehu, ya zo Sulaiman. Sai ya faɗe shi. Shekara arba'in da shida ina jin sunan nan a bakin mutane ina yi kamar ban ji ba. Ranar na sunkuya, kuma na kasa ɗagowa, domin idona ya cika. Safara'u ta ce ta gani, a rubuta, a kuma daina kallon dattijo.

Da ya rubuta sai ya juyo mini da katin, ya turo tawadar dangwale. Na ce a ba ni biro. Kafin in sa hannu na bi layin da yatsa. Haruffa shida ne. Na karanta su ɗaya-ɗaya a cikin zuciyata, ba wanda ya taya ni. Ban taɓa ganinsa a rubuce ba sai ranar. Sannan na rubuta nawa a ƙasa, ya ɗan hau sama kamar mai hawan tudu, amma ya karantu.

Sufeton ya sa aka kira Mashkura. Ya ce, Obadiah yana fassarawa, ya zagaya ƙungiyoyi da yawa tun zuwansa, bai taɓa ganin akawun da ya tashi daga kujera don ƙa'ida ba tare da an ce masa tashi ba. Ya roƙi a ba shi kwafin sunayen, wai akwai wata ƙungiya a Durumi da Maigidansu ya fi namu yawa. Sannan ya buga hatimin.

Da muka koma gida Batulu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu. Uban Mashkura ya sa aka ba shi labarin sau biyu. Da aka zo wurin da na bi layin da yatsa, sai ya yi dariya ya ce ashe dai Baba ya san sunansa, shi ya ɗauka tun ranar suna ya manta. Yana dariyar yana goge ido da bayan hannu. Na tashi na ce zan duba akuya, alhali ka san ba mu da akuya.

Ba zan ce maka hankalina ya kwanta duka ba. Kafin mutumin ya tafi ya ce wa Mashkura ma'aikatun da suka taso suna neman irinta. Maganar mutumin kwamitin nan ta dawo mini. In ta tafi ba ni da abin riƙe ta, kuma ban san ko ya kamata in so ta zauna ba. Na tambaye ta, ta ce ba inda za ta sai ta ga Ɗan Makaranta ya gama aji uku, kuma a yadda take ganin rubutuna tana da sauran shekaru a Nyanya. Na bar wa Allah sauran.

Ka gaishe mini da Fiddausi, ka ce Batulu ta ga saƙon atamfa ta gode. Ka gaishe da Musaddiq da matarsa da 'yan jikokinka, da duk wanda ya tambaye mu. Uban Mashkura yana gaishe da baffansa, ita ma tana durƙusawa.

Sannan ku zo. Kada ku jira Sallah, ku zo kafin azumi, kai da Fiddausi da duk wanda mota za ta ɗauka, za mu san yadda za mu matsu a ɗaki. Kowa yanzu yana zuwa Abuja kallon manyan gine-gine, waɗannan in kun so a kai ku daga baya. Ni ofishin bakin tasha zan fara kai ku, ku ga jikata a kan kujerarta mai gajeriyar ƙafa. Ka ce wa Obadiah ya ciro maka kati mai lamba goma sha tara, ka ga sa hannun yayanka. Kuma layin da ke samansa, kai baffansa ne, bakinka yana kamawa. Ka karanta shi da ƙarfi. Ni zan tsaya a bakin ƙofa in ji.

Naka, yayanka,
Yamusa.